Daga Injin Kwabo na Shikago Zuwa Gidan Gem na Ruwan Godiya

Duk wanda ya san garuruwan kudancin Katsina, daga Funtuwa zuwa Sheme, daga Ruwan Godiya zuwa Ƙanƙara da Sabuwa, ya san irin shagon da nake nufi. Ɗaki ne ƙarami ko rumfar kwano, da benci biyu ko uku, da talabijin a kan tebur, da PlayStation wadda ta sha hannu tun kafin ta tsallako teku. Daga waje janareto na ruri, ko kuma an ɗora faifan sola a kan rufi. Yara biyu ne ke riƙe da hannun gem, amma waɗanda suka yi cirko-cirko a bayansu sun ninka su sau da yawa, kowa da bakinsa: a ba wane, a buga, ai ga raga nan. In wasa ya ƙare, wanda aka ci ya tashi, mai shago ya miƙa hannu ya karɓi kuɗinsa, wani ya zauna.

Manya da yawa suna ɗaukar wannan sana'a a matsayin baƙuwar da ta shigo jiya. Alhali sayar da 'yan mintoci na wasa a kan kuɗi kaɗan ya kusa shekara ɗari da zama babbar kasuwa, kuma gardamar da ake yi a kansa a ƙofar gidajenmu, wato ko wasa ne ko caca, an yi irinta a Amurka har ta kai ga farfasa injuna da guduma. A tsakiyar wannan tarihi akwai wani kamfani guda da ya kamata mu san labarinsa: D. Gottlieb & Co. na birnin Shikago.

An haifi David Gottlieb a shekarar 1900 a Milwaukee, iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga ƙasar Rasha. Ya yi 'yan buge-bugensa a jihar Tekzas yana saurayi, har da yawon nuna majigi gari-gari, kafin ya kafa kamfaninsa a 1927. Abin da ya fara ƙerawa injin gwada ƙarfin damtse ne: ka jefa kwabo, ka matse mariƙi, allura ta nuna maka iyakar ƙarfinka. Sai ga karayar tattalin arziki ta 1929 ta faɗo. Bankuna suka durƙushe, masana'antu suka rufe, miliyoyin magidanta suka wayi gari babu aiki. A irin wannan lokaci ne, a ƙarshen 1931, Gottlieb ya fito da wani ɗan akwati mai suna Baffle Ball.

Yana da kyau a tsaya a dubi yadda akwatin yake, domin sauƙinsa shi ne abin mamaki. Katako ne da aka ɗan jirkita shi, an kafa masa ƙusoshi a jere, an yi 'yan ramuka masu lamba, an rufe samansa da gilashi. A gefe akwai mariƙi mai sifirin. Ka jefa kwabo ɗaya na Amurka, wato kashi ɗaya cikin ɗari na dala, sai ƙananan ƙwallaye su sauko maka. Ka ja mariƙin ka saki, ƙwallo ta haura sama, ta gangaro tana karo da ƙusoshi har ta faɗa wani rami ko ta wuce a banza. Babu lantarki, babu batir, babu ko ƙafafu, a kan kantar mai shago ake ajiye shi. Daga ƙusoshin nan ne wasan ya samo sunansa na finbol. Kafinta na kirki a Funtuwa, in aka ba shi katako da gilashi da 'ya'yan boris, zai iya haɗa irinsa.

Dala 17 da rabi ake sayar da shi. Lissafin ba ya buƙatar malami: in an jefa kwabo sau 1,750, akwatin ya mayar da kuɗinsa. Galibi ma ba mai shagon ne ke saye ba. Akwai masu jari da ke sayen injuna da yawa su rarraba su a shagunan magani da na aski da wuraren shan shayi, sai su riƙa zagayawa da mabuɗi suna buɗe akwatin kuɗi, a raba biyu da mai wurin. Cikin ɗan lokaci aka sayar da fiye da 50,000. Mutumin da ba shi da kuɗin shiga silima, balle na tafiya wani wuri, yana da kwabo ɗaya, kuma kwabon nan yana saya masa 'yan mintoci na mantawa da halin da yake ciki. Ni a ganina wannan ne tushen sana'ar baki ɗaya, kuma bai canza ba har yau: talaka ne ya rene ta, ba mai kuɗi ba.

Kasuwar ta fi ƙarfin masana'antar Gottlieb. Ɗaya daga cikin dilolinsa, Ray Moloney, ya gaji da jiran kaya, sai ya ƙera nasa a 1932 ya sa masa suna Ballyhoo, daga nan aka sami kamfanin Bally. A 1933 wani matashi a Kalifoniya mai suna Harry Williams ya shigar da lantarki cikin wasan da injinsa mai suna Contact, inda maganaɗisun lantarki ke tunkuɗo ƙwallo daga rami, ƙararrawa kuma ta buga. Shi ne kuma ake dangantawa da dabarar kama mai girgiza inji: in ka cika jijjiga akwatin don ka karkata ƙwallo, sai wasan ya mutu nan take. Daga baya ya kafa kamfaninsa na Williams, shi ma a Shikago. Waɗannan uku, Gottlieb da Bally da Williams, su suka riƙe ragamar kasuwar shekaru da dama.

Sai kwaɗayi ya shigo. Tun a 1933 aka fara ƙera injunan finbol masu zubo kuɗi idan ƙwallo ta faɗa wani rami na musamman, kuma kamfanoni da yawa suka ruga can, har Gottlieb ma bai tsira daga wannan ba a shekarun 1930. Inda inji ba ya zubo kuɗi kuwa, mai shago kan biya wanda ya ci a ɓoye. Tunda mai wasa ba shi da wani iko a kan ƙwallo bayan ya sake ta, babu abin da ya raba wannan da caca. 'Yan daba suka shiga harkar rarraba injunan, iyaye suka fara kuka. Birnin Los Angeles ya haramta finbol a 1939. Shi kansa Shikago, inda ake ƙera injunan, ya hana a buga su a cikinsa.

Wanda ya fi kowa zafi shi ne magajin garin Niyok, Fiorello La Guardia. Hujjarsa ita ce injunan suna wawure kuɗin abincin rana na 'yan makaranta. A watan Janairun 1942, makonni kaɗan bayan Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, ya sa 'yan sanda suka bi shaguna suka kwashe dubban injuna. Shi da kansa ya ɗauki guduma a gaban masu ɗaukar hoto yana ragargaza su. Ba na cikin masu yi wa La Guardia kallon mai tsaurin banza. Abin da ya gani gaskiya ne: yaro ya fito da kuɗin abinci, ya koma gida da yunwa, wani ƙato kuma ya zo da mabuɗi ya kwashe. Inda ya kuskure shi ne da ya yi wa kowane inji kuɗin goro, har haramcin ya zauna shekara 34, ya daɗe bayan wasan da aka haramta ya zama wani abu dabam.

Abin da ya canza shi kuwa daga masana'antar Gottlieb ya fito. A lokacin yaƙi an dakatar da ƙera injunan wasa, masana'antun suka koma yin kayan soja. Da aka dawo, a 1947, wani injiniyan kamfanin mai suna Harry Mabs ya haɗa inji mai suna Humpty Dumpty, ya sa masa 'yan mabugai guda shida, uku a kowane gefe, waɗanda mai wasa ke motsawa da maɓalli. Karo na farko ke nan da mutum zai iya mayar da ƙwallo sama da hannunsa, ya riƙe ta a fili gwargwadon iyawarsa. A shekarar da ta biyo baya Steve Kordek na kamfanin Genco ya rage su zuwa biyu ya sauke su ƙasa kusa da mafita, inda suke har yau. Daga nan gwani ya bambanta da ɗan koyo. Wanda ya ƙware yana iya daɗewa a kan kwabo ɗaya, wanda bai iya ba ya tashi da wuri. Sa'a ba ta fita gaba ɗaya ba, amma ta koma baya.

Nan ne hanyoyi suka rabu. A farkon shekarun 1950 Bally ya shiga ƙera wasu injuna da ake kira na bingo, waɗanda siffarsu ta finbol ce amma zuciyarsu caca, mutum na iya ta ɗura kuɗi a wasa ɗaya don ya ƙara abin da zai ci. Gottlieb ya ƙi bin wannan hanya. Ya tsaya a kan injin nishaɗi zalla, wanda iyakar ladansa a ba ka wasa ɗaya kyauta. Da wasu jihohi suka ce shi ma wasan kyautan abu ne mai daraja da za a iya sayarwa, sai kamfanin ya fito da wata dabara a 1960 da inji mai suna Flipper: in ka kai wani maki, a ƙara maka ƙwallo ɗaya a cikin wasan da kake yi, ba abin da za ka ɗauka ka fita da shi. Shekarun 1950 da 1960 su ne lokacin da tauraron Gottlieb ya fi haske, da zane-zanen Roy Parker a jikin gilashi da tsarin filin wasa na Wayne Neyens. Da dukiyar da ya tara daga ƙananan sulalla, David Gottlieb ya jagoranci gina asibiti a Melrose Park kusa da Shikago, aka buɗe shi a 1961, yana nan yana aiki da sunan gidansu.

Ya rasu a 1974, bai ga ranar da aka wanke wasan a Niyok ba. A 1976 aka gayyaci wani matashin marubuci mai suna Roger Sharpe gaban 'yan majalisar birnin don ya nuna cewa finbol iyawa ce. An kawo injuna biyu, dukansu na Gottlieb. A kan wanda ake kira Bank Shot, Sharpe ya faɗi layin da ƙwallo za ta bi tun kafin ya saki mariƙi, ta kuma bi nan ɗin. Aka ɗage haramcin.

Nasarar ta zo ne a daidai lokacin da ƙasa ta fara zamewa a ƙarƙashin kamfanin. Tun 1972 Atari na Nolan Bushnell da Ted Dabney ya ajiye injin wasan allo mai suna Pong a wata mashaya a Sunnyvale ta Kalifoniya, ba a jima ba aka kira su cewa ya lalace, ashe akwatin kuɗinsa ne ya cika ya toshe. Space Invaders na Taito ya biyo baya a 1978, Pac-Man na Namco a 1980, dukansu daga Japan. Gottlieb ya yi jinkirin barin tsofaffin wayoyi da maɓallai ya koma ƙwaƙwalwar kwamfuta, Bally da Williams suka sha gabansa. Iyalan suka sayar da shi ga kamfanin fim na Columbia Pictures. Gottlieb ya yi sa'ar wasan allo guda ɗaya da ya karɓu sosai, Q*bert na 1982. A shekarar ce Coca-Cola ya sayi Columbia, aka sauya wa sashen suna zuwa Mylstar a 1983, aka rufe shi a 1984. Wasu suka ɗauki sunan Gottlieb suka ci gaba da ƙera finbol a ƙarƙashin Premier Technology har 1996, nan aka rufe ƙofa.

Yaron da ke zaune a bencin gidan gem a Ruwan Godiya bai taɓa jin ɗaya daga cikin sunayen nan ba, amma jikokinsu yake bugawa. Mortal Kombat, wasan faɗan da ya daɗe yana tashe a shagunanmu, kamfanin Midway na Shikago ne ya fito da shi a 1992, kuma Midway ya zauna a hannun Bally, daga baya ya koma hannun Williams. Wasan ƙwallon da ake kira Winning Eleven ko PES na Konami ne, wanda Kagemasa Kozuki ya fara a 1969 a yankin Osaka da sana'ar haya da gyaran injunan kiɗa masu cin sulalla.

To me ya sa shi injin mai cin kwabo bai zauna a ƙasarmu ba? Dalili biyu ne, kuma na farkon ya yi kama da labarin Niyok. A shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya fara yawo, injunan caca da aka fi sani da kalokalo sun cika otal-otal da mashaya a manyan birane. Gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa doka a 1977 ta haramta mallakarsu da amfani da su, da hukuncin ɗaurin shekara guda. Tun daga nan duk akwatin da ake jefa wa kuɗi ya shiga bakin duniya. Dalili na biyu shi ne kwandalar kanta ta mutu. Kakanninmu sun yi ciniki da anini da kwabo mai huji da taro da sisi da sule. A ranar 1 ga Janairun 1973 aka koma naira da kwabo. A 1991 aka mayar da sule biyar da naira ɗaya kwandala, a 2007 Babban Banki ya sake fito da sababbi har da ta naira biyu, amma tsadar kaya ta riga ta wuce su, babu mai karɓa a kasuwa. A Maraɗi da Damagaram, inda ake lissafi da dala ta sefa, har gobe ana sayen ƙosai da ƙarfe. A wannan gefen iyaka kuwa, matashi ɗan shekara ashirin zai yi wuya ya tuna ranar da ya sayi wani abu da kwandala.

Saboda haka a wurinmu mutum ne ya maye gurbin akwatin kuɗi. Shi ke karɓa, shi ke ƙidaya wasa, shi ke raba gardama, shi ke korar wanda ya yi zagi. Wannan ba koma baya ba ne. Inji ba ya sanin cewa yaron nan da kayan makaranta ya shigo ƙarfe goma na safe, ba ya jin kiran salla, ba ya gane kuɗin cefane da aka aiko yaro da shi. Mai shago ya san duk wannan, ya san uban yaron, watakila ma sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Abin da La Guardia ya rasa, wato wani baligi a tsaye tsakanin yaro da inji, mu muna da shi a kowane shago. Saura kawai a riƙe shi da alhakin da ke wuyansa.

Kuma a wannan yanki maganar wasan yara ba ƙaramar magana ba ce. A daren 11 ga Disambar 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Ƙauyukan Faskari da Sabuwa sun sha hare-hare da satar mutane shekara da shekaru. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokokin tsaro da suka hana sayar da fetur a jarka, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama har da waɗannan uku, aka kuma hana sana'ar cajin waya a wuraren da abin ya shafa. Matakan yaƙi da ɓarayin daji ne, amma duk mai ƙaramar sana'a da ke dogara da janareto ya ɗanɗana, mai gidan gem na ciki. Yaran da suka tashi a cikin waɗannan shekaru ba su sami dandalin dare mai farin wata kamar yadda iyayensu suka samu ba, ba su yi langa a bayan gari hankali kwance ba, zuwa rafi ko gona mai nisa ma sai da fargaba. Idan irin wannan yaro ya sami benci a cikin gari, a idon jama'a, inda zai yi ihu don ya ci ƙwallo, ban ga dalilin da za a fara da tsine wa wurin ba. Abin da marasa aikin yi na Shikago suka saya da kwabonsu a 1931 shi yake saya.

Damuwar iyaye da malamai ma tana da tushe, kuma ba na son a raina ta. Akwai shagunan da ke buɗe har tsakar dare, akwai inda ake shan abin da bai kamata ba a bayan rumfa, akwai yaran da suka bar islamiyya saboda gem. Mafi haɗari kuwa shi ne cacar ƙwallo, wadda ta bazu da shagunanta da manhajojinta na waya tun shekarun 2010. A 2024 Hisbar Kano ta rufe shagunan irin wannan caca da dama, kuma a watan Nuwamban shekarar Kotun Ƙoli ta yanke cewa jihohi ne ke da ikon tsara harkar caca a cikin iyakokinsu, ba gwamnatin tarayya ba. Ke nan hukunci ya dawo kusa da gida, a hannun majalisun jihohi da hukumomin da mutane ke iya isa gare su. Tsoron da nake ji shi ne a zo a yi jam'u, a haɗa mai PlayStation da mai takardar caca a rufe su rana ɗaya, don dukansu suna da talabijin da taron samari.

Ma'aunin da Gottlieb ya tsaya a kai bayan yaƙi yana da sauƙin aunawa ko a ƙauye: kuɗi yana shiga ne kawai a matsayin hayar wasa, ko kuwa yana fitowa ya koma aljihun wanda ya ci? In yaro ya biya ya buga ya tashi, ya sayi nishaɗi ne kamar wanda ya biya ya shiga gidan kallon ƙwallo. In kuwa 'yan wasa biyu suka ajiye kuɗi a hannun na uku, ko 'yan kallo suka fara cewa na sa kaza a kan wane, an shiga caca ko da injin bai san an yi ba. Wannan na biyun yana faruwa, musamman a teburin sinuka, kuma mai shago ne ya fi kowa sanin lokacin da aka fara. Akwai ma al'adar nan ta wanda aka ci shi zai biya, wadda malamai da yawa suke ƙyama domin ta rataya biyan kuɗi a kan ci da faɗuwa. Gyaranta ba wuya: kowa ya biya rabonsa kafin a fara.

Mai unguwa da liman da shugabannin matasa a Ruwan Godiya suna iya zama da masu shagunan nan ba tare da jiran doka daga Katsina ba. A yarda cewa ba a karɓar yaro a lokacin makarantar boko ko ta allo, a kashe inji in an kira salla, a rufe kafin dare ya yi nisa, kada a ajiye kuɗi a kan wasa, ƙofa kuma ta zauna a buɗe yadda mai wucewa zai ga ciki. Wanda ya saɓa a ja masa kunne, in ya maimaita a rufe nasa shi kaɗai, a bar na maƙwabcinsa da ya kiyaye.